Magungunan Zazzaɓin Cizon Sauro: Asalinsu da Yadda Ake Shansu

Maleriya ƙwayar cuta ce mai suna Plasmodium, wadda macen sauro ke sa wa mutum a jini. Manyan magungunanta biyu daga tsirrai aka samo su. Kwinin ya fito ne daga ɓawon itacen sinkona na Kudancin Amurka, masana biyu 'yan Faransa suka tace shi a 1820. Artemisinin kuwa daga wani ganye ne dangin tazargade. Tu Youyou ta ƙasar Sin ce ta gano shi a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015.

Gana ta bar kulorokwin a 2004 saboda ƙwayar cutar ta daina jin sa, ta koma ACT, wato artemisinin haɗe da wani magani. Irin su Coartem ana sha sau shida cikin kwana uku, da abinci mai maiƙo ko madara.

Iyayenmu da matasa, a yi gwajin jini kafin a sayi magani a kemis. A shanye shi duka ko da jiki ya yi sauƙi, domin yankewa na barin ƙwayar cutar a jini. Dafaffen ganye ba ya maye gurbin ACT. Yaron da ke jijjiga ko amai ba tsayawa, a kai shi asibiti nan take. Allah ya ba mu lafiya.