Rangers ta Gilasgo: wa ya kada giwar da aka sayar fam guda?

Yau tarihin namu na ƙwallon ƙafa ne, amma wanda bai damu da balo ba ma ya tsaya ya karanta, don zancen bashi ne da haraji da amana.

Da yawanmu mun san Rangers ne a daren 2022 da Joe Aribo na Najeriya ya ci ƙwallo a wasan ƙarshe na kofin Europa, kafin Frankfurt ta cinye su a bugun fenariti. Ba Rangers ta Enugu nake nufi ba fa, ta birnin Gilasgo a ƙasar Sikotland, wadda aka kafa tun 1872. Abin da matasa da yawa ba su sani ba shi ne, shekara goma kafin wannan dare ƙungiyar ta faɗi ƙasa warwas. Ƙungiya mai kofin shampiyona 54, mai filin Ibrox da ke cin mutum wajen dubu 50, ta wayi gari ba ta iya biyan mai kawo mata jarida. Har gobe in ka tambayi magoya bayanta wa ya jawo, kowa da sunan da zai kira maka.

Sunan da ya fi saurin zuwa baki shi ne Craig Whyte. To amma ni daga David Murray zan faro, don shi ya haƙa ramin.

Murray attajiri ne mai sana'ar ƙarfe, ya sayi Rangers a 1988 kan kuɗi kimanin fam miliyon 6. A gaskiya ya kawo daɗi. Sun ɗauki kofi sau tara a jere, daga 1989 zuwa 1997, an ga su Brian Laudrup da Paul Gascoigne a Ibrox. Mutumin yana da baki, har ya taɓa bugun ƙirji cewa duk fam biyar da Celtic ta kashe shi zai kashe goma. Kuma ya kashe. A 2000 ya sayo Tore Andre Flo daga Chelsea kan fam miliyon 12, a ƙasar da kuɗin talabijin ɗinta bai kai ko kusa da na Ingila ba. Daga ina kuɗin ke fitowa? Daga banki. Cikin ƴan shekaru bashin ya doshi fam miliyon 80. Murray ya zuba kuɗi a 2004 ya rage shi, amma shi ma kamfanoninsa kan bashin banki suke tsaye, kun ga an ɗebo daga wannan aljihu ne an sa a wancan.

Sannan ga babbar dabarar da ta zama ajali. Daga 2001 zuwa 2010 ƙungiyar ta riƙa biyan ƴan wasa da manyan ma'aikata ta wata hanya da ake kira EBT. Ga yadda abin yake. Maimakon a ba ɗan wasa albashinsa duka a cire lanho, sai a zuba wani kaso cikin wani asusun amana, asusun kuma ya ba shi kuɗin da sunan rance. Rance ba a cire masa haraji. Sai dai rance ne wanda kowa ya san ba a jiran a biya shi. Wasu ƴan wasan ma an rubuta masu takarda ta gefe da ke tabbatar masu da kuɗin, ba a nuna wa hukumar ƙwallo ba. Fiye da fam miliyon 47 suka bi ta wannan hanya. Da hukumar harajin Birtaniya, HMRC, ta farga, sai ta ce wannan ai albashi ne aka sa wa riga, ta aiko da takardar neman miliyoyi masu yawa har da tara.

Ana cikin haka rikicin kuɗi na 2008 ya zo. Bankin Sikotland da ke lallaɓa Murray ya koma hannun Lloyds, su kuwa ba ruwansu da tsohuwar abota, kuɗinsu suke so. Murray ya sa ƙungiya a kasuwa. To wa zai sayi gida alhali masu haraji na tsaye a bakin ƙofa? Shekaru aka yi ana jira ba a samu mai saye na kirki ba.

A watan Mayu na 2011 Craig Whyte ya bayyana. Ya karɓi kashi 85 cikin ɗari na ƙungiyar kan fam guda. Fam guda fa, bai kai jika ɗaya ta sefa ba! Sharaɗin shi ne ya biya Lloyds bashinta na fam miliyon 18. Ya kuwa biya, aka yi ta tafi. Daga baya ne asiri ya tonu cewa ba da kuɗinsa ya biya ba. Wani kamfani mai suna Ticketus ya je wa, ya sayar masu da tikitin shiga fili na shekaru masu zuwa, ya karɓi sama da fam miliyon 20. Wato ya jinginar da amfanin gonar da bai riga ya mallaka ba, ya sayi gonar da kuɗin. Jaridun da suka yi ta yi masa kirarin hamshaƙin mai kuɗi ba su bincika ba, sai BBC ce ta fito da cewa an taɓa hana shi shugabancin kamfani na shekara bakwai.

Lissafin Whyte ya dogara kan kuɗin gasar Turai. Sai Malmo ta Suwidin ta fitar da su daga share fagen gasar zakarun Turai, Maribor ta Silobeniya ta ƙarasa su a Europa, duk a damina ɗaya. Kuɗi suka ƙafe. Mutumin nan sai kawai ya daina miƙa wa gwamnati harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata da na TVA, yana tafiyar da ƙungiya da shi. Ya taru wajen fam miliyon 9. Ranar 14 ga Fabrairu 2012 aka miƙa Rangers hannun masu riƙon ƙwarya, aka zare mata maki 10.

Daga nan abin ya tafi da sauri. A watan Yuni HMRC ta ƙi yarda da tayin a biya ta ɗan kaso a yafe sauran, aka nufi rusa tsohon kamfanin. Charles Green da abokansa suka sayi fili da sauran kadarori kan fam miliyon 5.5. Ƙungiyoyin babban rukuni suka jefa ƙuri'a, goma suka ce ba a dawo da ita cikinsu, Kilmarnock ta yi shiru. Rangers ta koma rukuni na huɗu, wasanta na farko a lig ta je wani ƙaramin garin masunta, Peterhead, ta sha da ƙyar da ci 2-2.

Magoya baya da yawa na ɗora laifi kan HMRC, kuma suna da abin kamawa. A Nuwamba 2012 kotun haraji ta farko ta ba Rangers gaskiya kan EBT, bayan an riga an yi jana'iza. Suka ce kun gani, an kashe mu kan bashin da babu shi. Amma shari'a ba ta tsaya nan ba, a Yuli 2017 kotun ƙoli ta Birtaniya ta yanke cewa kuɗin albashi ne, haraji ya hau kansu. Kuma ko da ma, ba wannan bashin ne ya kai su hannun masu riƙon ƙwarya ba, wanda Whyte ya riƙe ne. Wasu na zargin sauran ƙungiyoyi da hassada. Akwai tsohuwar gaba, ba a musu, amma ƙuri'arsu ta zo ne bayan kamfani ya riga ya mutu. Wadda ba ta da bakin magana a ganina ita ce hukumar ƙwallon Sikotland, da ta bar mutum mai irin wannan tarihi ya hau kujera, sai da gida ya ƙone ta zo ta haramta masa harkar ƙwallo har abada.

In ka matsa mani in faɗi nawa, Whyte ne ya ture katangar, amma Murray ya shekara yana cin gindinta. Murray ya ce yaudararsa aka yi. Ko da gaske ne, mutumin da ya yi shekara 23 yana riƙe da amanar dubban mutane bai kamata ya miƙa ta ga wanda bai tantance ba don kawai banki ya sake masa wuya. Abin mamaki, a Yuni 2017 kotu a Gilasgo ta wanke Whyte daga tuhumar zamba. Kwamitin da ya binciki takardun gefen nan kuma tarar fam dubu 250 ya ci tsohon kamfanin, bai ƙwace kofi ko ɗaya ba, abin da ƴan Celtic ba su yafe ba har yau. Su cewa suke ma Rangers ta mutu a 2012, wannan sabuwa ce, su kuwa ƴan Ibrox su ce kamfani ne ya mutu, ƙungiya tana nan.

Rangers ta dawo babban rukuni a 2016, Steven Gerrard ya ɗauko mata kofi na 55 a 2021. A jerin masu bin tsohon kamfanin bashi akwai suna 276, cikinsu har da masu taksi, da mai shagon jarida, da wata mata mai yi wa yara zane a fuska wadda take bin fam 40.