Ɓarnar Kayan Gida Tsakanin Ma'aurata: Nazarin Hukuncinta a Karkarar Arewacin Kano

A ƙauyukan Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Bichi, inda gonaki ke manne da juna kuma kusan kowace gona a nome take duk shekara, rikicin miji da mata yakan huce a kan kaya: a fasa tukunya, a ƙona tufafi, a buga wayar hannu da bango, wani lokaci har a kai ga dabba ko rumbu. Tambayarmu ita ce ko aure yana ba mutum ikon lalata abin da ke cikin gidansa. Za mu fara da tantance kalmomi huɗu. Ɓarna, wadda malaman fiƙihu ke kira itlafi, ita ce halaka abu ko naƙasa shi har darajarsa ko amfaninsa ya ragu. Milki shi ne ikon da shari'a ta ba mutum a kan abu, ya sayar ko ya bayar ko ya hana. Tarayya ita ce mutum biyu ko fiye su haɗu a milkin abu guda. Lamuni kuwa shi ne nauyin biya da ke hawa kan wanda ya ɓata abin wani.

Tushen hukuncin shi ne aure a Musulunci ba ya haɗe dukiyar mutum biyu ta zama ɗaya. Mazhabar Malikiyya, wadda kotunan Shari'a na Kano ke bi, ta bar wa mace milkinta bayan aure kamar yadda yake kafinsa. Sai dai ta ba miji ikon hana ta kyautar da fiye da sulusin dukiyarta. A Ingila sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken ikon riƙe dukiyarta da sunanta. Al'adar karkara ma a kan wannan rabuwa take tafiya. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa ta ƙasar Katsina da Ɗorayi ta gefen birnin Kano, ta kuma wallafa littattafanta a 1972 da 1977, ta nuna yadda matan kulle ke gudanar da ciniki a cikin gidaje da jarinsu na kansu. Har yau ba abin mamaki ba ne magidanci ya sayi ƙuli-ƙuli a hannun matarsa, ko ya ranci kuɗin taki a wurinta ya biya da kaka. Don haka abin da ake kira kayan gida yawanci yana da mai shi takamaimai, kuma za mu iya kasa shi gida huɗu.

Kashi na farko shi ne milkin matar, kuma shi ne ya fi cika ɗaki. A ciki akwai sadakinta, da lefe bayan an tare, da kayan ɗakin da iyayenta suka yi mata: gado da katifa da kabad da jeren kwanuka da tukwane. Akwai jarin sana'arta, kamar gyaɗar matsa da kaskon tuya da keken ɗinki, sannan awaki da tumaki da kajin da take kiwo. Mu dubi jeren nan da kyau. Uwa takan fara tara shi tun yarinya tana talla, yau ta sayi fanteka da ribar fura, bayan wata uku ta ɗauki adashi ta ƙara saitin kwanuka, ta ajiye su a ƙarƙashin gado da takardarsu, uba kuma ya sayar da buhunan gero ko ɗan maraƙi ya cika da gado. Shi ne ajiyar da mace ke sayarwa in ciwo ya zo ko yunwa ta matsa, shi kuma take ragewa ta yi wa 'yarta idan lokaci ya yi. Malikiyya sun ba miji damar amfana da shimfiɗa da kwanukan matarsa muddin suna tare, amma damar amfani ba milki ba ce, kuma a nan magidanta da yawa ke ruɗewa.

Kashi na biyu shi ne milkin miji, kamar ɗakin da ya gina, da kayan noma, da babur, da hatsin gayaunarsa. Kashi na uku, wanda aka fi mantawa da shi, shi ne kayan wasu da ke zaune a gidan. A gidan gandu, wato inda uba da 'ya'yansa maza ko 'yan'uwa ke noma tare suna ci tare, rumbun ba na miji kaɗai ba ne. Haka kwanon kishiya, da akuyar da aka ba yaro ranar suna, da tunkiyar da maƙwabciya ta bayar kiwo, da kuɗin adashin da ke hannun uwar adashi. Wanda ya taɓa waɗannan ya fita daga rikicin aure, ya shiga haƙƙin mutumin da ba ruwansa da faɗan.

Kashi na huɗu ne kaɗai tarayya ta haƙiƙa, kuma ba ya samuwa sai da sanadi: miji da mata su haɗa kuɗi su sayi sa su turke, ko injin markaɗe, ko ta ba da kuɗin kwanon rufi ya ba da fili da jar ƙasa. A irin wannan milki rabon kowa ya game abin duka; ba a cewa kan san na miji ne, cinya ta mata. Saboda haka ba yadda ɗaya zai lalata rabonsa bai taɓa na ɗayan ba. Idan miji ya farfasa injin da suka saya rabi da rabi, nasa rabon ya tafi a banza, kuma lamunin rabin ƙimar ya hau kansa. Wanda ya gaji da tarayya yana da hanya, ya nemi a raba, ko a sayar a raba kuɗin in abin ba ya rabuwa.

Hukuncin lamuni a fayyace yake cikin littattafan da alƙalanmu ke aiki da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil da Tuhfa ta Ibn Asim. Abin da ake aunawa da mudu ko sikeli, kamar gero da man gyaɗa, ana biyan irinsa da yawansa. Abin da ba a aunawa, kamar akuya ko kabad, ana biyan ƙimarsa. In naƙasar kaɗan ce a gyara a biya abin da ya ragu. In ta kawar da amfanin abin, mai shi yana da zaɓi ya karɓi cikakkiyar ƙima ya bar wa mai ɓarnar, ko ya riƙe abinsa ya karɓi cikon. Ganganci da kuskure ɗaya suke wajen biya, har yaro da mahaukaci ana biya daga dukiyarsu, ballantana mai hankalin da ya ce zuciya ce ta ɗebe shi. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa wata daga cikin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta buge akushin abincin da abokiyar zamanta ta aiko saboda kishi, ya fashe. Annabi ya tattara gutsattsarin da abincin, ya yi wa kishin uzuri a gaban baƙinsa, sannan ya ɗauki lafiyayyen akushi daga ɗakin wadda ta fasa ya aika wa mai shi. Uzurin bai kawar da biyan ba.

Ban da biya akwai horo. Kundin Final Kod na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya bayyana laifin ɓarna a sashe na 326, ya kuma fayyace cewa mutum na iya aikata shi a kan abin da yake nasa, ko nasa tare da wasu, muddin ya yi nufin jawo wa wani hasara ko ya san za ta auku. Sashe na 327 ya sa ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka biyun, kuma sa wuta ga wurin zama ko ma'ajiya hukuncinsa ya fi haka nauyi nesa. Kundin bai keɓe ma'aurata ba, saɓanin kundin laifuffuka na Kudu, wanda sashensa na 36 ya ɗauke laifi ga ma'auratan auren rajista ko na coci a kan kayan juna matuƙar suna zaune tare, sai a wasu halaye. Tun 2000 Musulmin Kano suna ƙarƙashin kundin hukunta laifuffuka na Shari'a na jihar, inda irin wannan ɓarna ke shiga babin ta'aziri, wato horon da ba a yanka masa haddi ba. Dokar tarayya ta 2015 ta hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, ta ambaci lalata kayan wani don ƙuntata masa, amma ba ta aiki a wajen Abuja sai jiha ta mai da ita tata.

A ganinmu abin da ya fi hasarar kayan muni shi ne manufar. Wanda ya fasa kaskon tuyar matarsa ya yanke mata hanyar samu, wanda ya fasa wayarta ya raba ta da danginta, kuma sau da yawa hannun da ya fara da kwano yakan wuce zuwa jiki. Malikiyya sun ba mace damar neman alƙali ya raba auren saboda cutarwa idan ta tabbata, ba tare da ta biya kuɗin hul'i ba, wato fansar kai. Matar da ta ƙona tufafin miji ko ta zubar da hatsinsa ita ma lamuni ya hau kanta daidai da shi.

Inda hukuncin ke rauni shi ne wajen hujja. Faɗan a cikin ɗaki ake yi, shaidun kuma yara ne ko kishiya ko uwar miji. Idan aka yi jayayya a kan milkin kayan ɗaki babu shaida, ƙa'idar Malikiyya ita ce abin da aka san mata da shi na matar ne da rantsuwarta, abin da aka san maza da shi, ko wanda ya dace da kowa, na miji ne da rantsuwarsa. Wannan ya kare jere da tukwane, amma ya bar mace cikin haɗari a kan rediyo da waya da injin da ta saya da guminta. Ga san turke ma, da wuya a sami wanda ya ga lokacin da ta kwance bakin zane ta miƙa nata kason, shi kuwa dillali miji ya sani.

Mafi yawan waɗannan rigingimu ba sa isa kotu. Mace takan yi yaji, a yi biko, waliyyai su zauna. In ya faskara a je wa mai unguwa ko dagaci, ko ofishin Hisba na ƙaramar hukuma, hukumar da aka kafa da dokar jiha a 2003. Sulhu abin so ne, kuma Suratun Nisa'i ta yi umarni da a tayar da mai sasantawa daga kowane ɓangare. Damuwarmu ita ce yadda zaman ke ƙarewa da "ki yi haƙuri, kayan duniya ne", ba a ambaci abin da ya fashe ba balle kuɗinsa. Yafe lamuni haƙƙin mai kaya ne shi kaɗai, kuma yafiyar da aka karɓa daga matar da ke tsoron saki a gaban surukanta tana da wuyar kiranta yarda. Abin da muke ganin ya dace shi ne mai sulhu ya fara lissafa kayan da ƙimarsu, mai ɓarnar ya amsa, a sa lokacin biya ko da sai kaka, sannan a tambayi mai kayan a keɓe ko za ta yafe. Haka nan ranar da 'yan jere suka gama aikinsu, a rubuta abin da aka kawo a gaban mutum biyu daga kowane dangi, kowane ɓangare ya riƙe takarda, duk wata haɗakar kuɗi da ta biyo baya kuma a ƙara ta a ƙasan takardar da kason kowa.