Daga Ramukan Yaƙi zuwa Na'urar Hoton Ƙwaƙwalwa: Tarihin Fahimtar Firgicin Mazan Jiya

Likitocin soja sun daɗe suna cin karo da mayaƙin da ya dawo daga fagen fama babu ko ƙwarzane a jikinsa, amma barci ya ƙaurace masa, gabansa yana yawan faɗuwa, ƙaramin motsi yana sa shi zabura, kuma abin da ya gani a can yana dawo masa ido biyu da kuma cikin mafarki tamkar a lokacin yake aukuwa. Fiye da shekara 150 ana gardama a kan inda wannan rauni yake, ko a jiki ne ko a tunani, kuma gardamar ba ta masana kaɗai ba ce, domin a kan amsarta ake yanke wanda za a biya fansho, da wanda za a mayar bakin daga, da wanda za a kira matsoraci.

A 1871 Jacob Da Costa, likita a birnin Filadelfiya, ya wallafa bayanin sojojin yaƙin basasar Amurka masu fama da bugun zuciya da haki da jiri, ya kuma ɗora laifin a kan zuciyar da wahala ta gajiyar. Hermann Oppenheim na Balin kuwa, a 1889, ya nuna cewa tsananin razana na iya haddasa lahani a jijiyoyi wanda ido ba ya gani. Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya mayar da batun abin da ba ya ɓoyuwa. A watan Fabrairun 1915 Charles Myers ya bayyana a mujallar Lancet halin sojoji 3 da harsashin igwa ya fashe kusa da su, waɗanda suka rasa tunawa, ganinsu ya raunana, suka daina jin ƙanshi da ɗanɗano, kuma daga nan sunan girgizar igwa ya bi ciwon. Frederick Mott ya bincika ƙwaƙwalwar wasu da suka mutu, ya ga ƙananan wuraren zubar jini, ya ɗauka iskar fashewar ce ta yi ɓarnar. Sai dai ba a jima ba aka ga alamomin a jikin waɗanda igwa ba ta taɓa fashewa kusa da su ba.

Wannan ne ya buɗe ƙofar zargi. Likitocin Jamus, a taronsu na Munik a 1916, sun yi watsi da ra'ayin Oppenheim, suka karkata ga cewa raunin hali ne da kwaɗayin diyya. A Landan, Lewis Yealland yana jona wa sojan da ya kasa magana lantarki a maƙogwaro har sai ya furta kalma, alhali a asibitin Craiglockhart da ke Edinbara William Rivers yana zama da majinyatansa yana sauraron abin da suke gudun tunawa. Rundunar Birtaniya ta ƙirga kimanin mutum 80,000 da ciwon ya kama, ta kuma harbe sojojinta da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 bisa laifuffuka irin su gudu da tsoro, waɗanda ba a yi musu afuwa ba sai a 2006. Babu shakka cikinsu akwai marasa lafiya da aka yi wa hukuncin masu laifi, kuma wannan tabo ne a tarihin likitancin soja.

Abram Kardiner, wanda ya yi shekaru yana duba mazan jiyan Amurka, ya rubuta a 1941 cewa ciwon na jiki ne da tunani a haɗe, domin jikin majinyacin yana ci gaba da zama cikin shirin haɗari bayan haɗarin ya wuce. Maganarsa ba ta ratsa manyan hafsoshi ba, ga shi kuwa a 1943 Janar George Patton ya mari sojoji 2 a asibitocin Sisili saboda ya ɗauka ragwanci ne ya kwantar da su. Sai bayan yaƙin Biyetnam, lokacin da tsoffin sojoji suka riƙa taruwa a New York tare da likitoci irin su Chaim Shatan da Robert Lifton suna matsa wa hukuma lamba, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da ciwon cikin kundinta a 1980 da sunan da ake taƙaitawa PTSD, wato ciwon firgici bayan mummunan tashin hankali.

Samun suna ya jawo kuɗin bincike, kuma ya zo daidai da bayyanar na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mai rai. A 1995 Douglas Bremner da abokan aikinsa a jami'ar Yale suka gano cewa hifokamfas na dama, sashen da ke adana abin da ya faru tare da wurinsa da lokacinsa, ya gaza na masu lafiya da kashi 8 cikin 100 a mazan jiyan Biyetnam masu ciwon. Aka yi saurin cewa yaƙi ne ya cinye shi, har sai da Mark Gilbertson da Roger Pitman suka auna tagwaye a 2002, ɗaya ya je yaƙi ɗaya bai je ba, suka tarar cewa ɗan'uwan mai tsananin ciwon shi ma nasa sashen ƙarami ne, abin da ke nuna cewa ƙanƙantar na iya riga yaƙin zuwa.

Daga nan hankali ya fara komawa daga girman sassa zuwa alaƙar da ke tsakaninsu. Hanyar awon ita ce a kwantar da mutum cikin na'urar maganaɗisu na 'yan mintuna, a ce kada ya yi komai, na'urar tana bin hawa da saukar iskar oksijin a jinin kowane sashe. Idan sassa biyu suna hawa da sauka tare, sai a ce akwai haɗin aiki tsakaninsu. Bharat Biswal ne ya nuna yiwuwar haka a 1995, kuma a 2001 Marcus Raichle ya bayyana rukunin sassan da ke aiki sa'ad da mutum ya natsu yana tunanin kansa da abin da ya wuce. Sassa biyu ne suka fi ɗaukar hankali: amigdala, wadda take kamar mai gadi da ke kururuwa da zarar ya ji motsi, da kuma tsakiyar goshin ƙwaƙwalwa, wanda yake kamar maigidan da ke leƙowa ya ce babu komai, a koma barci. Binciken jami'ar Mishigan a 2011 da 2012 a kan sojojin da suka dawo daga Iraƙi da Afganistan ya nuna cewa a masu ciwon, haɗin amigdala da insula, sashen da ke sauraron bugun zuciya da numfashi, ya yi ƙarfi fiye da kima, rukunin natsuwa kuma ya yi sako-sako, yayin da rukunin lura da haɗari yake kutsawa cikinsa ko da mutum yana hutawa. Wannan ya yi daidai da abin da iyalan majinyata suka daɗe suna gani, na mutumin da ba ya zama sai bayansa na jingine da bango, idonsa a kan ƙofa.

Mafi ƙarfin hujja ya fito ne daga Holand, inda Guido van Wingen ya ɗauki hoton sojoji kafin a tura su Afganistan na wata 4, da bayan dawowarsu, da kuma bayan shekara ɗaya da rabi. Zafin amigdala ya ƙaru bayan dawowa sannan ya lafa, amma sauyin da aka gani a haɗinta da sashen da ke sa mata linzami ya daɗe bai gushe ba, duk da cewa waɗannan sojoji ba su kamu da ciwon ba. A 2016 kuma ƙungiyar Daniel Perl a Amurka ta ba da rahoton wani irin tabo a ƙwaƙwalwar mamatan da bam ya taɓa tashi kusa da su, abin da ya dawo da martabar zaton Mott, ya kuma ƙara wahalar rarrabe lahanin fashewa da na firgici a jikin mutum ɗaya.

Ya kamata a auna waɗannan sakamako da adalci. Yawancinsu sun fito ne daga 'yan gomomin mutane, galibi maza 'yan Amurka da Turai, kuma bambancin da ake gani na matsakaicin rukuni ne, saboda haka har yau babu hoton da zai tabbatar wa likita cewa wane yana da ciwon, wane ba shi da shi. Da tambaya da sauraro ake gane shi, kuma maganin da ya fi inganci shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre a kan abin da ya faru. Amma zargin ragwanci da aka harbe mutane a kansa ba shi da sauran madafa a ilimi, kuma duk rundunar da ta tura mutum fagen fama, wajibinta ne ta kula da wannan rauni kamar yadda take kula da na harsashi.