Kiɗan da Ba Ya Yankewa: Daga Garayar Bori Zuwa Faifan Di-je

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani irin kiɗa da ya mamaye gidajen rawa na Turai tun daga wajen 1990, wanda ake kira tirans, sa'an nan a bi sawun abin da ke jan mutane zuwa gare shi. Kalmar tirans a harshen Ingilishi tana nufin gushewar hankali na ɗan lokaci, watau halin da mutum yake shiga yana a farke amma bai san inda kansa yake ba. Bahaushe bai rasa kalmomin wannan hali ba, don kuwa yana cewa an hau mutum, ko abu ya buge shi, ko ya fita hayyacinsa. Samuwar waɗannan kalmomi ita kanta alama ce ta cewa al'amarin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Da farko sai a bayyana yadda kiɗan yake. Mai haɗa shi, wanda samari ke kira di-je, yana da na'urorin juya faifai guda biyu a gabansa. Yayin da faifai ɗaya yake tafiya, sai ya sa na biyu a kunnensa shi kaɗai, ya rage saurinsa ko ya ƙara har bugun biyun su daidaita, daga nan ya shigo da sabon a hankali ya janye tsohon. Mai rawa ba zai ji inda waƙa ta ƙare wata ta fara ba. An fara wannan dabara a gidajen rawa na birnin New York wajen 1969. Tirans kuwa ya tsiro ne a Jamus, musamman biranen Farankfut da Balin, kuma wani reshensa ya yi ƙarfi a gaɓar Gowa ta ƙasar Indiya. Saurinsa yakan kai bugu 130 zuwa 140 a minti ɗaya. Da abin ya karɓu sai aka shiga ɗaukar irin wannan haɗi ana sayarwa, faifai ɗaya ya yi fiye da sa'a guda ba tsayawa. Daga cikin waɗanda suka yi suna akwai Northern Exposure na Sasha da John Digweed a 1996, da Tranceport na Paul Oakenfold a 1998. A gefensa kuma akwai ɗan'uwansa mai sanyi, wanda za a iya kira kiɗan shimfiɗa, domin shimfiɗa shi ake yi a ɗaki kamar tabarma a zauna a kai. Brian Eno ne ya raɗa masa sunansa na Turanci da faifansa Music for Airports a 1978.

Asirin tirans yana wuri ɗaya ne. Bayan an daɗe ana maimaita gajeren amo iri guda har jiki ya saba, sai di-je ya ɗauke ganga ɗungum, ya bar zaren waƙa kawai yana shawagi. Jama'a su tsaya da hannuwa a sama suna jira. Sai a soma ƙaramin bugu yana ta ƙara sauri, yana ta matsowa, har lokacin da rai ya ƙosa, sai a saki gangar gaba ɗaya. Gwanintar di-je ita ce sanin tsawon jiran da taro zai iya ɗauka.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen wasan bori zai gane wannan tsari. Makaɗan bori a ƙasar Kano masu garaya ne ko masu goge. Garaya tana da tsirkiya biyu, goge kuma tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki, a bayansu kuma ga 'yan amshi suna kaɗa buta ko ƙwarya. Kowane iska a cikin mutanen Jangare, garin da 'yan bori suka ce nan ne mazaunin iskoki, yana da takensa da kirarinsa: na Sarkin Rafi dabam, na Ɗan Galadima dabam, haka Kuturu, da Malam Alhaji, da Barhaza. Mai garaya yakan fara a hankali, yana bin take bayan take ba tare da ya ɗaga hannu ba, idonsa na kan dawakin bori da godiyoyi da ke zaune a gabansa. In ya ga wani ya soma hamma, ko jikinsa ya ɗauki rawa, ko gumi ya keto masa, sai ya tsaya a kan taken wannan iska, ya matsa masa, masu buta su ƙara wuta, har ya hau. Idan an gama kuma akwai hanyar sauka, wadda atishawa take zama alamarta. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a kan wannan sana'a a ƙasar Kano, ya bayyana matakan nan dalla-dalla a littafinsa Horses, Musicians and Gods na 1983. In an ajiye batun aƙida a gefe, aikin hannun mai garaya da na di-je iri ɗaya ne, kowannensu yana karanta jikin mutane ne yana sarrafa sauri.

To, yaya aka yi kiɗa mai irin wannan ƙarfi ya koma bayan gari? A nan ne tarihi ya biyo ta Burumburum, garin da yanzu yake cikin ƙaramar hukumar Tudun Wada. Sarkin Kano Muhammadu Alwali, wanda ya hau gadon sarauta a 1781, shi ne na ƙarshe a sarakunan Haɓe na Kano. Littafin Tarihin Kano ya kawo labarin yadda manyan fada suka nemi ya ba da shanu arba'in don a yanka wa Dirki, shi kuwa ya ƙi, ya sa aka sassare fatun da aka naɗe shi da su, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Wannan labari kaɗai ya isa ya nuna yadda Musulunci da tsofaffin al'adu suke cuɗe a fadar wancan zamani. Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Alwali a Ɗan Yaya, ya yi kudu ya nemi mafaka a Zazzau, daga baya ya dawo ya kafa sansani a Burumburum, inda aka kewaye shi aka kashe shi a 1807.

Ba kiɗa aka je yaƙa a Burumburum ba, amma faɗuwarta ta sauya matsayin kiɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe dare da rana ba bisa wata bukata ta shari'a ba a cikin halayen mulkin da ya zo gyarawa. Kiɗan sarauta ya samu ya tsira, domin sabbin sarakuna ma suna bukatar tambari da kakaki. Kiɗan bori kuwa bai sami mai tsaya masa a fada ba. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta fahimci cewa hani kawai ba zai raba matan karkara da bori ba, saboda a nan suke samun magani da taro da sararin numfashi. Shi ya sa ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai wa mata ilmi cikin waƙa. Wannan dabara ce ta wadda ta san cewa ba a ƙwace wa mutum abu a bar hannunsa wayam.

Daga nan kiɗan ya rarrabu. Kashi ɗaya ya zauna a ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano, waɗanda Joseph Greenberg ya zauna da wasunsu a 1938 da 1939, da kuma unguwannin bayan gari inda mata masu zaman kansu da makaɗa suke. Kashi na biyu ya bi sarakunan Haɓe da suka yi arewa. A Maraɗi da Tsibiri, inda zuriyar sarakunan Katsina da na Gobir suka sake kafa mulki, sarautun Iya da Inna sun ci gaba da shugabancin 'yan bori a fili, shi ya sa masu bincike irin su Veit Erlmann suka nufi Maraɗi. Kashi na uku shi ne mafi ban tausayi, don kuwa ya tsallaka Sahara ne a bakin bayi. A Tunis, inda aka haramta bauta a 1846, zuriyar waɗannan bayi sun riƙe wani kiɗan warkarwa da ake kira sitambeli, wanda har yau akwai kalmomin Hausa a cikin waƙoƙinsa. A.J.N. Tremearne ya tattara mafi yawan abin da ke cikin littafinsa The Ban of the Bori na 1914 daga bakin Hausawan Tunis da Tarabulus ne.

Kada a ɗauka hukumomin ƙasar Hausa ne kaɗai suka yi wa irin wannan kiɗa kallon hadarin kaji. A 1994 majalisar dokokin Ingila ta zartar da dokar da ta ba 'yan sanda ikon tarwatsa tarukan rawa na dare a fili, kuma don kada a yi musu a kan irin kiɗan da ake nufi, sai dokar ta siffanta shi da maimaita bugu. Gaskiya ne cewa shan ƙwaya ya yi katutu a waɗannan taruka, kuma ya ci rayukan matasa. Sai dai abin lura shi ne, ko'ina aka je, mai mulki ba ya sakin jiki da taron da hankalinsa ya koma hannun makaɗi.

A nan wata tambaya take tasowa: shin bugun ne da kansa yake gusar da hankali? An daɗe ana zaton haka, har wasu suka ce ganga tana taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Gilbert Rouget ya rushe wannan zato a littafinsa na 1980 a kan kiɗa da gushewar hankali, kuma hujjarsa tana nan a dandalin bori. Mutum ɗari za su ji take ɗaya, amma sai wanda aka yi wa girka, aka koya masa iskansa, shi ne zai faɗi. Mai garayar kansa, wanda ya fi kowa kusa da sautin, yana zaune daram. Ashe ke nan taken bori suna ne ake kira, mai sunan kuma ya amsa. Tirans ba ya kiran kowa da suna. Wannan ne ya sa Bajamushe da Ba'indiye za su yi rawa da faifai ɗaya ba tare da sun san harshen juna ba, kuma shi ne ya sa faifan yake sayuwa a duniya. Amma an biya kuɗin wannan yaɗuwa, domin haɗin da aka riga aka ɗauka a faifai ba shi da ido. Ba ya ganin hamma ko gumi, zai saki ganga a daƙiƙar da aka tsara masa, ko mai sauraro ya shirya ko bai shirya ba. Masu son irin waɗannan faifai sukan ce abin da suke nema ke nan, su miƙa wuya na sa'a guda ga wani ya ja su, a mota ko a ɗaki, ba tare da sun zaɓi komai ba.

Yankin nan ma ya ba da nasa kason a kiɗan na'ura. A 1978, shekarar da Eno ya fitar da nasa, Mamman Sani Abdullahi ya shiga gidan rediyon Nijar a Yamai da wata molon lantarki mai madannai ƙirar Italiya, ya ɗauki kaset mai suna La Musique Électronique du Niger. Kwafi kaɗan aka buga, amma shekaru da dama rediyo da talabijin na ƙasar suna sa kiɗan a tsakanin shirye-shirye, har mutane suka haddace shi. Da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake buga shi a 2013, sai ga masu son kiɗan shimfiɗa a Turai suna rububinsa, shi kuwa Mamman Sani ya shiga yawon wasa a ƙasashen waje da furfurarsa.

A garuruwan Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, bikin da a da ake ɗauko masa mai kalangu ko mai garaya, yau galibi di-je ake kira da janareta da manyan lasifika. Waƙoƙin finafinan Hausa yake sawa, da na kudu, yana haɗa su baki da baki don kada fili ya huce, yana kiran sunayen ƙawayen amarya ɗaya bayan ɗaya su fito a yi musu liƙi. A wannan wajen ya fi di-jen Jamus kusa da mai garaya, tun da shi har yanzu da suna yake kira. Tsofaffin masu garaya kuwa suna ƙarewa, 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'i, kuma taken iskokin da ke kansu ba a rubuce yake ba. Kaɗan daga cikinsu da aka ɗauka a tef tun zamanin su Besmer da Erlmann, mai son saurare sau da yawa sai ya nema a ɗakunan ajiya na jami'o'in Turai da Amurka.