Naira da Sefa: Yadda Aka Yi Jaka Ɗaya Ta Koma Naira Dubu Biyu da Rabi

 Yau kan kuɗi za mu yi magana, naira da sefa, domin na gaji da jin matasa suna cewa “kuɗin Nijar ya yi ƙarfi”. Sefa ba wani ƙarfi ta yi ba. Naira ce ta faɗi, kuma faɗuwar tana da tarihi.

Mu fara da lissafi guda. A 1980 dalar Amurka ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba a farashin hukuma, a daidai lokacin kuma tana kan sefa 210 da ɗoriya. Ke nan sefa 1,000, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi ke kira jaka, ba ta kai naira uku ba. A 2024 jakar nan ta haura naira 2,500 a wajen 'yan canji. Ninki kusan dubu fa ke nan, cikin shekaru 44.

Abin da zai ba ku mamaki shi ne a tsakanin nan har an taɓa raba darajar sefa gida biyu.

Sefa dai tun Disamban 1945 Faransa ta ƙirƙiro ta, ta ɗaure ta da kuɗinta. Daga 1960 sefa 50 ce faran ɗaya na Faransa, ba ta gaba ba ta baya, har Janairun 1994 da aka taru a Dakar aka mayar da ita sefa 100. Dare ɗaya! Mutum ya kwana da kuɗinsa, ya tashi sun rage rabi a kan duk kayan da ake shigowa da su, har magani. Da yuro ya zo a 1999 sai aka ɗaure ta da shi a kan 655.957, kuma har yau a nan take. Saboda haka in ka je Wapa kana tambayar farashin sefa, a zahiri farashin yuro kake tambaya, ya sa rawani ne kawai.

Ita kuwa naira an haife ta ranar 1 ga Janairun 1973, naira biyu a kan fam ɗaya, kuma ta buɗe ido ne cikin kuɗin fetur. Shi ya sa iyayenmu ke ba da labarin zamanin da mutanen Damagaram da Tawa ke kwararowa Kano ci-rani don su koma gida da naira. Amma ƙarfin nan na aro ne. Da farashin ɗanyen mai ya fara sauka a farkon shekarun 1980, dala ta yi ƙaranci, kasuwar bayan fage ta buɗe baki. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira ta kuma rufe iyakoki, don ta kashe kuɗin da aka boye a waje. Wannan ya zo daidai da fari mai tsanani, hatsi ya daina tsallakawa, har a Nijar ake kiran yunwar shekarar da El-Buhari. Ku duba fa, shawara aka yanke a Legas kan takardar kuɗi, ta zama sunan yunwa a wata ƙasa.

Sai 1986, Babangida da shirinsa na SAP. A Satumba aka fara gwanjon dala, kafin ƙarshen 1987 tana wajen naira huɗu. Zuwa 1993 ta kai 22 a hukumance, naira ɗaya ta dawo sefa goma sha 'yan kai. Abacha ya ƙulle farashin a 22 ɗin tsawon mulkinsa alhali a kasuwa ana saye sama da 80, kuma ba sai na faɗa muku su wa suka ci ribar wannan tazarar ba.

Daga nan gangara ce a hankali: wajen sefa huɗu a 2008, uku a 2014. Mai ya sake faɗuwa, a 2016 naira ta matso kusa da sefa ɗaya a kasuwa. A Yunin 2023 gwamnatin Tinubu ta saki farashin canji, abin da 'yan canji suka riga suka sani ya tabbata a takardar hukuma: sefa ta hau kan naira.

Wa abin ya shafa? Ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi da sefa, hatsin Dawanau ya yi masa araha, zai iya tayawa sama da mai naira, mai gida a Kano kuma ya ji a kwanon masara. Amma kada ku ɗauka can murna ake. Makiyayin da ke kai ragunansa Maigatari ko Illela da naira ake biyansa, in ya canza sai ya ga ragon ya rame a aljihu. Ɗan ci-ranin da ke tura kurar ruwa a Kano yana aika wa gida, guminsa na wata ya koma 'yan jakkuna. Iyayen da suka kai yara jami'a a Maraɗi ko Kwatano kuwa, kuɗin makarantar bai canza ba a sefa, amma a naira ya ninka, wasu dole suka dawo da yaran.

Ni a ganina masu cewa mu ma a nemo mana irin sefa ba su karanta sharuɗɗan ba. Shekara da shekaru ƙasashen nan suna ajiye rabin kuɗinsu na waje a baitulmalin Faransa, sai bayan gyaran da aka sanar a Abijan a Disamban 2019 aka daina. Kuma tsayuwar kuɗin ba ta hana Nijar zama cikin ƙasashe mafi talauci ba. Yanzu da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS, ana ta maganar su buga kuɗinsu. In har hakan ta faru, a Jibiya da Ƙonni za a fara sanin farashinsa kafin wani babban banki ya fitar da sanarwa. Wannan shi za mu ɗauka a kashi na gaba, in Allah ya kai mu.