Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Mawaƙi Ya Koma Ƙofar Ubangida

A watan Yunin 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu a Kano. A cikin watan ne kuma wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya ƙaddamar da Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta ta intanet. Shari'a ta durƙusar da ita a 2001, amma ɗabi'ar da ta koya wa duniya ta iso ƙasar Hausa, ta sauya abin da mawaƙi ke ci da shi.

Tun asali ubangida ke riƙe da makaɗin Hausa. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa, ladan waƙa kuwa doki ne da riga da hatsi. Zuwan faifai, sannan yaɗuwar kaset daga shekarun 1970, shi ya samar da sabon ubangida, wato talaka mai saye da kuɗinsa. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar wannan ciniki. Ko a lokacin akwai satar fasaha, sai dai tana da tsada: dole mai kwafa ya sayi na'ura da kaset, ya biya kuɗin mota, sautin kuma yana dusashewa daga kwafi zuwa kwafi.

Wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, ita ta kawar da wannan shinge daga baya. Da memori ya wadata, matashi mai kwamfuta a bakin kasuwa kan tura ɗaruruwan waƙoƙi a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ko sisi ba ya isa ga mai waƙar. Shagunan kaset da CD suka yi ta rufewa.

A ganina, babbar asarar ta wuce ta kuɗi. Mawaƙin da muryarsa ke cikin kowace waya, alhali ba ya sayar da ita, tilas ya nemi mai biya: ɗan siyasa, ko attajiri, ko uwar biki. Mai biya kuwa shi ke zaɓar abin da za a rera. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta taɓo harkar intanet, kuma YouTube na biyan wasu. Amma muddin mai sauraro bai koma saye ba, bakin mawaƙi zai ci gaba da zama a hannun wanda ya ciyar da shi.