Tarihi a Bakin Makaɗan Fada: Gadon Kance Tsakanin Daura da Damagaram

Ƙasar Kance, wadda ke yankin Matamaye a jihar Damagaram, tana kan hanyar da ta tashi daga Zinder ta nufi Daura, shi ya sa mutanenta suka gaji labarai daga ɓangarori biyu. Daga kudu suka sami labarin Bayajida, baƙon da ya kashe macijin rijiyar Kusugu ya auri sarauniya Daurama, daga arewa kuma suka sami labaran yaƙe-yaƙen sarakunan Damagaram, musamman Tanimu, wanda ya rasu a 1884, da Amadu Kuran Daga, wanda Faransawa suka ci garinsa a 1899.

Ma'ajiyar waɗannan labarai ita ce bakin makaɗan fada, wato mawaƙan da suka gaji yabon sarauta kaka da kakanni. A daren Juma'a, lokacin kiɗan da ake kira sara, da kuma ranar hawan salla, makaɗi yakan tsaya a ƙofar fada ya jero sunayen sarakuna ɗaya bayan ɗaya, kowane da kirarinsa da garuruwan da ya ci, ƴan amshi suna karɓa masa, sanƙira kuma, wanda aikinsa shi ne ɗaga murya ya fayyace wa jama'a abin da aka faɗa, yana ƙara wa zancen armashi. Yaro yakan shafe shekaru cikin ƴan amshin mahaifinsa kafin a yarda ya ja waƙa, domin abin da yake koyo ya wuce haddar baitoci, ya haɗa da sanin inda ake tsawaitawa da inda ake yin zambo, wato shaguɓen da ake yi wa abokin hamayyar sarki ba tare da ambaton sunansa ba.

Sauyi ya fara ne da mulkin mallaka, wanda ya hana yaƙi ya kuma rage wa sarakuna dukiyar da suke ciyar da makaɗa da ita. Bayan haka rediyo da kaset suka kai muryar irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram ƙauyukan da ba su taɓa ganinsa ba, masana kuma suka shiga taskace abin da ya rage: a 1968 aka kafa cibiyar tattara al'adun baka a Yamai, a 1971 kuma André Salifou ya wallafa tarihin Damagaram na ƙarni na 19.

Irin wannan ya faru ga al'ummar Yakut ta arewa maso gabashin Rasha, masu doguwar waƙar jarumta da ake kira olonko, wadda guda ɗaya kan kai baiti dubu goma ko fiye. Masu rera ta da ka sun yi ƙaranci a zamanin Tarayyar Sobiyet, har UNESCO ta sanya ta cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2005, aka koma koyar da ita ga yara.

Darasin a fili yake: faifai yana adana waƙa yadda aka yi ta a rana guda, amma ba ya haifar da sabon makaɗi. Wajibi ne fadar Kance da makarantun yankin Matamaye su zaunar da matasa a gaban tsofaffin makaɗan da suka rage, tun suna da ƙarfin ja musu waƙa.